Murar bana da maganar allurar korona, daga zauren 'yan unguwarmu a Zariya

Maman Walid:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da sanyi. Dan Allah masu ilimin abun ku taimaka mana. Wata murya ce ake ta yawo da ita a WhatsApp, wani mutum yana cewa wai wannan murar da ta kwantar da mutane bana ba mura bace, allurar korona ce da akayi mana take tashi a jiki, wai duk wanda yayi sai dai addu'a. Ni kam nayi, maigida ma yayi saboda wajen aiki sun matsa musu, kuma gashi gidanmu kowa tari yake. Abun da yafi damuna shine surukata taji muryar tace ba za'a kai jaririn ƙanwar maigida allurar sati 10 ba, tace an gama allura a gidan nan. To wai meye gaskiyar magana?

Ɗan Kwangila:
Wa'alaikumus salam. Hajiya ni banji muryar ba amma wlh surukarki tana da hujja. Ni direba ne, kullum ina hanyar Kaduna da Kano, mutane nake ɗauka iri iri, kuma kowa ka taɓa sai yace maka tunda yayi allurar nan jikinsa bai koma daidai ba. Da mura kwana uku ne ka sha citta ka miƙe, yanzu mutum sai yayi sati biyu yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage

Anti Nas:
Maman Walid ki kwantar da hankalinki. Tambaya ɗaya zaki yiwa Mama cikin ladabi: yaran gidan da suke tari, anyi musu allurar korona? Ba'ayi musu ba, a Najeriya manya aka yiwa. To me ya tashi a jikinsu? Ni a wajen aikinmu benci cike yake da yara 'yan ƙasa da shekara 5, majina da tari da zazzaɓi, wasu ma an haifesu ne bayan an daina maganar korona gaba ɗaya. Hunturu ne, kuma duk shekara haka muke gani daga Nuwamba har wajen Fabrairu. Iska ta bushe, ƙura ta cika gari, cikin hanci ya bushe ya tsattsage to ƙwayar cuta bata shan wahalar shiga, sannan kowa ya rufe taga ya toshe ƙofa da tsumma, mutum takwas a ɗaki ɗaya, ɗaya yayi atishawa kowa ya samu rabonsa.

Amma maganar jaririn ce tafi tsaya min a rai. Dan girman Allah a kaishi. Allurar sati 6 da 10 da 14 babu abunda ya haɗata da korona, a ciki akwai penta mai kare mashaƙo da tarin shiƙa, akwai ta limoniya, kuma duk kyauta ne. A wannan sanyin ma yafi buƙatarta.

Ɗan Kwangila:
Anti ke ma'aikaciyar lafiya ce dole ki faɗi haka. Ni abunda na sani, a 1996 kamfanin Pfizer yazo Kano lokacin sanƙarau ya gwada magani akan yara, wasu suka mutu wasu suka nakasa. Wannan ba jita jita bane har kotu akaje. To don me zan yarda da duk abunda aka kawo kyauta daga waje?

Ɗalibin Shika:
Yaya Ɗan Kwangila maganarka ta Kano gaskiya ce kuma babu mai musunta. Trovan sunan maganin, yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, kuma a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano akan dala miliyan 75. Duk wanda yake aikin lafiya a Arewa ya kamata ya san wannan tarihin kuma ya daina yiwa mutane kallon jahilai idan sun nuna tsoro.

Amma mu ƙarasa tarihin mana. Wannan tsoron yana cikin abunda yasa aka dakatar da allurar shan inna a 2003, Kano bata dawo ba sai tsakiyar 2004, kuma a wannan tsakanin cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu samari ne da 'yan mata, muna ganinsu akan keken guragu a bakin danja. Daga baya sarakuna da malamai suka shigo ciki aka dage, sai gashi a Agustan 2020 an tabbatar Afirka ta rabu da shan inna na daji. Trovan magani ne da ake gwadawa, ba rigakafi bane, su kuma alluran yaran nan an daɗe anayinsu a duniya, har yaran masu ƙera su ana yiwa.

Hajiya Gyallesu:
Ni dai tambaya na, wai koronan ya tafi ne ko yana nan? Don mu tunda aka buɗe kulle bamu ƙara jin labarin shi ba

Ɗalibin Shika:
Hajiya, korona tana nan. A ranar 5 ga Mayu 2023 hukumar lafiya ta duniya ta janye dokar ta ɓaci akanta, bata ce cutar ta ƙare ba. Abunda ya faru shine kusan kowa jikinsa ya riga ya santa, ko ta allura ko ta kamuwa ko duka biyu, shi yasa yanzu yawanci take zuwa da sauƙi. Ta shiga sahun sauran masu zagayowa, akwai infuluwenza, akwai RSV mai wahalar da jarirai, akwai masu kawo majina kawai da suka fi ɗari. Duk alamunsu kusan ɗaya ne, ko likita bazai iya rantsuwa akan wacce ce ba sai da gwaji, mu kuma nan ba kasafai ake gwajin ba. To cikin masu tarin nan na bana ba mamaki akwai masu korona, akwai masu infuluwenza, akwai kuma wanda ƙura ce kawai ta tayar masa da asma.

Ko kun tuna farkon 2025 da aka tada hankalin mutane da wata HMPV a Chaina ana cewa sabuwar annoba ce? Tun 2001 aka ganota a Holan, tana cikin masu yawo a cikinmu tuntuni.

Baba Mai Ritaya:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ɗan Kwangila, ka ce da mura kwana uku ce. Ni na girme ka, kuma ina gaya maka tun muna yara a cikin birni akwai shekarar da mura take zuwa da ƙarfi ta kwantar da gida guda, tsofaffi su tafi a cikinta, sai dai a ce sanyi ya kama Malam wane. Ba mu da waya ne a lokacin balle labarin kowa ya iso kunnen kowa. Kafin mu ma, a 1918 an yi annobar infuluwenza da ta kashe miliyoyin mutane a duniya. Jirgin ruwa ne ya kawo ta Legas a watan Satumba na shekarar, ta biyo hanyar jirgin ƙasa ta hauro Arewa, kuma kun san layin dogo ta nan Zariya ya ratsa. A lokacin babu wata allura da za a ɗora wa laifi.

Sannan ku tuna abin da ya faru a Kano a watan Afrilun 2020, yadda dattawa suka riƙa faɗuwa, masu haƙan kabari suka gaji. Wannan kusan shekara guda ne kafin allurar ta iso ƙasar nan, domin sai ranar 2 ga Maris 2021 kashin farko ya sauka a Abuja. Ni na rasa abokan karatu a wannan watan. Saboda haka da aka kawo allura na je da ƙafata na yi.

Ɗan Kwangila:
Allah ya jiƙansu Baba, Allah ya ƙara girma. Ni bana musu dakai. Amma Baba ka duba yadda akayi damu. Aka kulle mu fiye da wata biyu a jihar nan, ba Juma'a ba kasuwa, azumi guda mukayi a kulle, motata tana ajiye yara suna kallona, kayan tallafin da akace za'a raba sai daga baya aka gansu jibge a rumbuna. Sannan akazo akace allura miliyan guda ta lalace an zubar a Abuja. Sannan naji ance ita AstraZeneca ɗin da aka fara yi mana kamfanin da kansa ya janye ta. Mutum ya haɗa wannan duka ace kuma ya yarda?

Ummu Hanan Samaru:
Wlh wannan maganar ta janyewar nima ta tsaya min, ita akayi min

Ɗalibin Shika:
Toh bari in faɗi yadda abun yake ba ƙari ba ragi. Eh an janye ta a 2024, kamfanin yace an daina nemanta saboda akwai sababbi da aka sabunta don nau'ikan da suka biyo baya. Kuma eh, tana da wata illa ta daskarewar jini da ke samun mutum ƙalilan ƙwarai cikin dubban dubbai, kuma tun 2021 aka sanar da wannan, ba ɓoyewa akayi ba. Amma abun lura, wannan illar tana bayyana ne cikin 'yan makonni bayan allurar. Aunty Ummu Hanan ke da kikayi shekaru da yi kin wuce wajen tuntuni, babu wani abu da yake kwance a jikinki yana jiran hunturu. Abunda ke cikin allurar jiki yana narkar dashi cikin ɗan lokaci, abunda yake saura shine garkuwar jiki ta gane cutar idan ta ganta.

Wadda aka zubar kuma a Disambar 2021, an kawo mana ita ne dab da ƙarewar wa'adinta, ƙasashen masu kuɗi sun riƙe sai da ta kusa lalacewa suka bayar. Wannan abun haushi ne sosai, amma zubarwar ai ita ce daidai, da an yiwa mutane ita ne zamu yi kuka.

Kulle da tallafi kuwa Yaya bani da abun cewa, an cuci talaka, kuma har yau ma'aikatan lafiya ne suke biyan bashin wannan fushin a ƙofar gidajen mutane.

Anti Nas:
Wallahi kuwa ƙanina. Mu muke shan zagi. Kuma kunga sakamakon, daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce tafi shan wahala amma ya taɓa jihohi da yawa har da namu, kuma mafi yawan yaran da ya kama basu kammala allura ba ko ba'a taɓa yi musu ba sam. Cutar da ni a makaranta kawai na karanta ta, sai gata a gabanmu, yaro wuya ya kumbura, wani farin abu ya rufe maƙogwaro yana neman numfashi. Penta uku kacal ke tare wannan. Ga ƙyanda kuma, itama ta iska take bi kuma da rani take tashi, allurarta wata 9 da wata 15, da yawa ana yin ta farko a manta ta biyu.

Ni yanzu idan uwa tazo da yaro mai mura, kafin in rubuta komai sai nace ina katin? Zakaga katin an ninke shi cikin leda a ƙasan jaka, ka buɗe kaga layi biyu a cike sauran fari fat, yaro kuma har ya fara tafiya. Ba'a korar kowa fa, ko yaro ya wuce lokaci a kawo shi a ɗora daga inda aka tsaya. Kuma 'yar majina ko ɗan tari baya hana allura, wannan ma iyaye mata suna yawan fakewa dashi.

Maman Walid:
Anti Allah ya saka da alheri, zan turawa ƙanwar maigida wannan ta karantawa Mama. To mu da muke fama yanzu me zamu sha? Maigida ya siyo Ampiclox da Amoxil a kemis kowa yana ta haɗiya har Walid

Anti Nas:
Innalillahi. Maman Walid wa ya rubuta muku? Wannan kafso ɗin bakteriya yake kashewa, mura kuma bairos ce, ko kwali guda kika shanye bazai taɓa ta ba. Sai dai ya ɓata cikin yaro da gudawa, kuma ƙwayoyin cutar da ke jiki su saba dashi, ranar da limoniya ta gaske tazo a bada shi yaƙi aiki. Mura ruwa take so da hutu da abinci mai ɗumi, farasitamol idan akwai zazzaɓi ko ciwon jiki. Kuma idan zazzaɓi ne a yaro ayi gwajin maleriya tukun, minti 15 ne, kar a ɗauka mura ce kawai kuma kar a ɗauka maleriya ce kawai. Tunda kun riga kun fara bawa Walid, ki kaishi a duba ƙirjinsa a gaya miki ko ya cigaba ko ya tsaya

Mai Kemis Sabon Gari:
Anti kullum mu ake ɗorawa laifi. Wallahi mutum zai shigo yace bani ja da yalo guda huɗu, kace masa mura ce kasha ruwa da farasitamol, ya kalleka kamar baka san aikinka ba ya tsallaka shagon gaba ya siya. Wani ma allura yake so, in ba'a soka masa ba bai yarda yasha magani ba. Kuma asibiti mutum ya tafi tun asuba ya dawo la'asar, ga kuɗin kati ga kuɗin keke napep, dole ya tsaya wajenmu. Ni dai ina ƙoƙari, yaro ƙarami bana bashi komai sai ince a wuce asibiti, amma gaskiya sai an gyara daga sama

Hajiya Gyallesu:
Gaskiyan ka ne ɗana, layin asibiti ba wasa ba

Ummu Hanan Samaru:
Anti to yaushe ne mutum zai san abun ya wuce na gida? Don ni tsoro na kenan, kar in zauna ina sirace yaro yana galabaita

Anti Nas:
Yauwa wannan ita ce tambayar. Ki ɗaga rigar yaron lokacin da yake kwance shiru ba kuka ba, ki kalli cikinsa da ƙirjinsa ki ƙirga numfashi na minti ɗaya cif da agogon waya. Jariri ƙasa da wata 2 idan ya kai 60, daga wata 2 zuwa shekara idan ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 idan ya kai 40, to numfashin yayi sauri, a tafi. Idan kuma kikaga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, ko hancinsa yana buɗewa yana rufewa, ko yana gurnani, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko barci ya masa yawa kina tashinsa baya tashi sosai, ko leɓe ya canza kala, ko jijjiga, wannan ko ƙarfe biyun dare ne a nemi abun hawa. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa zazzaɓi kaɗai ya isa dalili.

Siracen ma dan Allah banda yara. Na sha wanke ƙunar yaron da aka lulluɓe da bargo akan tukunyar ruwan zafi ya motsa ta kife masa a cinya. Zuma tana taimakawa tari amma banda wanda bai shekara ba. Man zafi kar a cusa cikin hancin jariri. Maganin tari na kwalba ma ba'a so a bawa ƙananan yara haka kawai, ku tuna Gambiya a 2022 yara wajen 70 suka rasu saboda gurɓataccen sirop. In hanci ya toshe ɗigon ruwan gishiri na kemis ya isa, a cigaba da bada nono akai akai.

Malam Tela:
Ni kuma in ƙara da kasko. Jama'a a daina kwana da garwashi a ɗaki a rufe, duk hunturu sai anji gidan da aka wayi gari ba'a tashi ba. Hayaƙin gawayi mai kisa baya wari kuma ba'a ganinsa. A ɗumama ɗaki a fitar dashi kafin a kwanta, a bar 'yar kafa ta iska

Ɗalibin Shika:
Sosai Malam. Manya kuma, duk tarin da ya kai sati biyu a je a bada majina a gwada tarin fuka, musamman in akwai rama ko gumin dare. Gwajin da maganin kyauta ne, kuma mu Zariya ma gata garemu, cibiyar horaswa ta ƙasa akan tarin fuka da kuturta tana nan Saye. Mutane da yawa suna shan wata uku suna cewa sanyi ne alhali suna rabawa iyalinsu.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana na Shika, ina da tambaya. Ɗiyata da ke Ingila ta ce duk shekara kafin sanyi ana kiran tsofaffi a yi musu allurar infuluwenza, har da ta korona ga waɗanda suka manyanta sosai. Ni ina da ciwon suga, uwargida tana da asma. Mu a nan ina za mu samu? Kuma me ya sa ake maimaita ta duk shekara, ba kamar ta yara ba?

Ɗalibin Shika:
Baba ita ƙwayar infuluwenza tana sauya kama ne a kai a kai, garkuwar bara bata gane ta bana sosai. Shi yasa hukumar lafiya ta duniya take zama sau biyu a shekara, Fabrairu don ƙasashen arewacin duniya, Satumba don na kudu, ta duba nau'ikan da ke yawo a haɗa sabuwa. Bata hana kamuwa ɗari bisa ɗari, a shekarar da aka dace tana rage haɗarin da kusan rabi, amma babban amfaninta shine rage kwanciya asibiti da mutuwa ga irinku, masu shekaru, masu suga, asma, ciwon zuciya, da mata masu ciki. Kuma ba ƙaramar cuta bace, hukumar tana ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara a duniya.

Matsalar ita ce a Najeriya bata cikin jerin alluran da gwamnati ke bayarwa kyauta. Sai dai wasu asibitocin kuɗi da manyan kantunan magani a manyan birane, kuma da tsada. Shawarata ranar da zaka je ganin likitan suga ka tambaye shi kai tsaye, shi zai san inda ake samu mai kyau da aka ajiye a sanyi yadda ya kamata, kar a siya a hannun wanda ya cirota daga aljihu. Ka tambaye shi har da ta limoniya ta manya.

RSV ma tun 2023 aka amince da allurarta a Amurka da Turai, akwai ta tsofaffi, akwai wadda ake yiwa mai ciki ta kare jaririn a watanninsa na farko. Cutar tana kashe yara kusan 100,000 a shekara kuma kusan dukkansu a ƙasashe irin namu ne, amma allurar can ta fara sauka inda mutuwar tafi ƙaranci. Wannan shine abunda ni yake ƙona min rai, mu muna nan muna gardamar ko mu karɓi wadda ke hannu, wadda muka fi buƙata ma bamu samu ba balle mu ƙi.

Hajiya Gyallesu:
Ai mu da muka je Hajji sai da aka mana allurai kafin a bamu katin nan, ba wanda yace uffan. Kuma duk da haka kowa da tarin shi ya dawo

Anti Nas:
Hajiya ta sanƙarau ce da ta ciwon shawara da ɗigon shan inna Saudiyya take wajabta mana, ta infuluwenza shawara suke bayarwa ayi. Tarin Makka kuma taron miliyoyin mutane ne daga ko'ina kowa da irin tasa murar. Amma kin faɗi gaskiya, akan kujerar Makka ban taɓa ganin wanda yace bai yarda da allura ba

Ɗan Kwangila:
Toh naji bayananku kuma na gode, musamman Ɗalibin Shika da bai ɓoye komai ba. Ta yara na yarda, nawa ma duk anyi musu, uwarsu bata wasa da wannan. Amma ni ta korona ko an dawo da ita bazan ƙara ba, kuma ta infuluwenzar nan ma ko kyauta ce sai nayi tunani

Ɗalibin Shika:
Yaya kai da ƙarfinka kuma baka da wani ciwo, yanzu ba kai ake fi ji ba ma, shawarar ta koma kan tsofaffi da masu ciwo da masu ciki. Abunda zan roƙeka ɗaya ne, ranar da kake mura ka saka takunkumi a mota kuma ka ɗan sauke gilashi, don baka san wa ka ɗauka ba, wata tsohuwar daga ganin likita take

Ɗan Kwangila:
Gilashi a wannan sanyin fasinja zasu cinye ni. Takunkumi dai zan iya, dama ina sawa saboda ƙura

Malam Tela:
Takunkumin nan da an riƙe shi da an huta. Lokacin kulle na ɗinka su da yawa da ragowar atamfa, yanzu in mutum ya saka a masallaci sai a dinga kallonsa. Alhali ko a sunna an ruwaito Manzon Allah SAW idan zaiyi atishawa yana rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa. Sahun asuba yanzu tari ne daga wannan bango zuwa wancan, ga dattawa a sahun gaba. Ni ina ganin mai mura mai ƙarfi ya saka takunkumi ko yayi sallarsa a gida kwana biyu, a tambayi malamai su faɗa a huɗuba

Ummu Hanan Samaru:
Makarantu ma haka, yaro yana zazzaɓi a turo shi saboda an biya kuɗin term, aji guda ya kwashe. Islamiyyar su Hanan yara sun fi sittin a ɗaki tagogi a rufe da kwali

Maman Walid:
Anti Nas ƙanwar maigidan tana tambaya, katin jaririn yana wajen Mama ta ɓoye, in taje babu kati za'a yi masa?

Anti Nas:
Za'ayi masa, ta koma inda aka yi ta sati 6 sunansa yana cikin rajista sai a sake mata wani katin. Amma ni bana so ta tafi a ɓoye, gobe in yaro yayi ɗan zazzaɓin allura, wanda dama yakan zo kwana ɗaya ko biyu, Mama zata ce kun gani. Gara maigidanki ya zauna da mahaifiyarsa ya lallashe ta, in da hali ma a tafi da ita taga sauran jarirai a layi

Baba Mai Ritaya:
Maman Walid, idan Hajiyar ta ƙi jin ta yara, ki gaya wa maigidanki ya kira ni. Mun san juna da marigayi mijinta, zan shigo bayan la'asar in gaishe ta mu yi maganar.

Maman Walid:
To Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, yana dawowa zan faɗa masa. Anti ranar wace ake yin allurar a nan kusa damu?

Anti Nas:
Kowace cibiya da ranakunta, ki leƙa ta unguwarku da safe ki tambaya, in zaki kai Walid sai ki haɗa duka. Ku fita da wuri kafin layi yayi tsawo, a rufe kan jaririn da hula amma kar a naɗe masa fuska